Paul Ehrlich

Paul Ehrlich (an haife shi ranar 14 ga watan Maris, 1854, ya rasu ranar 20 ga watan Agusta, 1915) likita ne kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, wanda ya yi fice a ilimin jini, ilimin garkuwar jiki da haɗa magunguna. Shi ne ya rarrabe nau'o'in fararen ƙwayoyin jini ta hanyar rina su, ya gano ƙwayoyin mast, ya kafa ma'aunin ƙarfin maganin cutar mashaƙo, kuma a ɗakin bincikensa aka samar da Salvarsan, magani na farko da ya yi aiki sosai a kan cutar tunjere. A shekarar 1908 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Élie Metchnikoff.

Ra'ayi guda ne ya ratsa dukkan ayyukansa: babu wani sinadari, ko rini ne, ko dafi, ko magani, da zai yi tasiri a kan ƙwayar halitta sai ya fara maƙalewa a wani gurbi da ya dace da shi a jikinta. Wannan gurbi shi ake kira makarɓi. Ehrlich ya rasu bai ga makarɓi ko ɗaya ba. Bayan shekaru da dama aka tabbatar da samuwarsu, aka kuma gano cewa wasu furotin da ake kira kinas ne ke ɗaukar saƙo daga makarɓin zuwa cikin ƙwayar garkuwa domin ta tashi aiki.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Ehrlich a Strehlen, wani ƙaramin gari a lardin Silesiya na masarautar Purushiya, kudu da birnin Breslau. A yau duka garuruwan biyu suna cikin ƙasar Poland, ana kiransu Strzelin da Wrocław. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa, Ismar Ehrlich, yana da masaukin baƙi kuma yana cikin manyan Yahudawan garin. Mahaifiyarsa Rosa 'yar gidan Weigert ce.

Ya yi sakandare a makarantar Maria Magdalena da ke Breslau, inda ya haɗu da Albert Neisser, wanda daga baya ya gano ƙwayar cutar sanyi kuma ya zama abokinsa na tsawon rayuwa. Wanda ya fi tasiri a kansa a ƙuruciya shi ne ɗan'uwansa ta wajen uwa, Carl Weigert, wanda ya girme shi da shekara tara kuma yana cikin waɗanda suka fara amfani da rini wajen duba ƙwayoyin cuta a madubin ƙara girma.

Daga shekarar 1872 ya karanci likitanci a jami'o'in Breslau, Strasbourg, Freiburg da Leipzig. A lokacin masana'antun Jamus irin su Hoechst, BASF da Bayer suna fitar da sababbin launukan rini na roba da ake haɗawa daga kwalta domin masaƙu. Ehrlich ya lura cewa idan aka zuba rini a kan siririn yankan tsoka, wasu sassa sukan kama launi, wasu su ƙi, kuma kowane rini da sassan da yake kamawa. Ya fassara wannan da cewa haɗuwa ce ta sinadarai tsakanin rinin da wani abu da ke cikin ƙwayar. A kan wannan ya rubuta kundin digirinsa na likita a Leipzig a 1878.

A cikin wannan kundi ya bayyana wata ƙwaya cike da tsaba-tsaba masu kama rini sosai, wadda ake samu kusa da jijiyoyin jini. Ya zaci tsabar abinci ce da ƙwayar ta tara, shi ya sa ya raɗa mata suna daga kalmar Jamusanci mast, wadda ke nufin kiwon ƙiba. Zaton nasa bai yi daidai ba, amma sunan ya zauna har yau.

Asibitin Charité da ilimin jini

A 1878 ya fara aiki a asibitin Charité na Berlin ƙarƙashin Friedrich Theodor von Frerichs, wanda ya sakar masa mara ya yi bincike. A nan ya ƙirƙiro hanyar shafa ɗigon jini a kan gilashi, a busar da shi da zafi, sannan a rina. Da wannan hanya ya raba fararen ƙwayoyin jini masu tsaba gida uku bisa rinin da suke kamawa: iyosinofil masu kama jan rinin iyosin, basofil masu kama rini mai kaifin kanwa, da niyutrofil masu kama gaurayen biyun. Waɗannan sunaye ne ake gani a takardar sakamakon gwajin jini a asibitoci har yanzu. Aikin ya ba likitoci damar bambanta nau'o'in sankarar jini da na ƙarancin jini.

Ranar 24 ga watan Maris, 1882, Ehrlich yana cikin mahalarta laccar da Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar cutar tarin fuka. Cikin ɗan lokaci ya inganta hanyar rina ƙwayar, bayan ya lura cewa idan ta kama launi, asid ba ya wanke shi. A kan wannan tushe Franz Ziehl da Friedrich Neelsen suka gina hanyar da ake duba majinar masu tari da ita a ƙasashe da yawa har yau.

A 1885 ya wallafa littafi kan yadda sassan jiki ke amfani da iskar oksijin, inda ya riƙa yi wa dabbobi masu rai allurar rini yana duba inda launin ya tafi. A cikin irin waɗannan gwaje-gwaje aka lura cewa wasu rinin sukan rina dukkan jiki su bar ƙwaƙwalwa. Ɗalibinsa Edwin Goldmann ya ci gaba da wannan bincike, wanda ya kai ga fahimtar shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa.

Frerichs ya rasu a 1885, kuma wanda ya gaje shi, Carl Gerhardt, bai ba Ehrlich irin wancan 'yanci ba. A 1888 Ehrlich ya ga ƙwayar tarin fuka a majinarsa. Ya ajiye aiki ya tafi Masar tare da matarsa domin jinya a busasshiyar iska. Ya dawo Berlin a 1889 ba shi da muƙami, sai ya buɗe ƙaramin ɗakin bincike na kansa da taimakon surukinsa.

Dafi da maganin mashaƙo

A wannan ɗaki, da kuma a cibiyar Koch ta cututtuka masu yaɗuwa wadda ya shiga a 1891, Ehrlich ya koma kan garkuwar jiki. Ya zaɓi dafi biyu na tsirrai domin ana iya auna su daidai: risin daga 'ya'yan zurma, da abrin daga 'ya'yan idon zakara. Ya riƙa ba ɓeraye ɗan kaɗan yana ƙarawa a hankali, har suka iya jure abin da ya ninka adadin da ke kisa sau da yawa. Ɓeran da ya saba da risin bai tsira daga abrin ba, wato kowace garkuwa da dafin da take karewa. A 1892 ya musanya jariran ɓeraye tsakanin uwa mai garkuwa da marar garkuwa, ya nuna cewa garkuwar takan bi ta nono zuwa ga jariri kuma ta ɗan lokaci ce.

A 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburō sun nuna cewa ruwan jinin dabbar da aka saba mata da dafin wata cuta yana ɗauke da makarin dafin. Mashaƙo a lokacin yana kashe dubban yara a Jamus kowace shekara, amma maganin farko da aka yi daga ruwan jini ba shi da tabbas: wata kwalba ta yi aiki, wata ta gaza. Ehrlich ya yi amfani da dabarar ƙara dafi sannu a hankali a jikin awaki, daga baya dawakai, domin samun ruwan jini mai ƙarfi. Kamfanin Hoechst ya fara sayar da maganin a 1894.

Babbar matsalar ita ce awo. Dafin mashaƙo yakan rage ƙarfi idan ya daɗe a ajiye, don haka ba a iya dogara da shi a matsayin ma'auni. Ehrlich ya busar da wani makari, ya adana shi a kwalaben da aka zuƙe wa iska a wuri mai sanyi, ya mai da shi mizanin da za a gwada kowane sabon magani da shi a jikin ɓerayen Masar masu nauyin giram 250. Ya wallafa tsarin a 1897. A 1922 kwamitin lafiya na Ƙungiyar Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ya amince da ma'auninsa a matsayin na ƙasa da ƙasa. Makarin mashaƙo na ruwan jinin doki, wanda aka yi amfani da shi lokacin ɓarkewar cutar a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya a 2023, da irin wannan ma'auni ake ƙididdige shi.

A cikin wannan aiki ya gano cewa tsohon dafi yakan daina cutarwa amma ya ci gaba da haɗuwa da makari. Ya kira irin wannan dafi toksoyid. A 1923 Gaston Ramon na Faransa ya samar da toksoyid da gangan, kuma shi ne tushen allurar rigakafin mashaƙo da ake yi wa jarirai a yau.

Dangantakarsa da Behring ta yi tsami saboda rabon kuɗin maganin da kuma rabon yabo. A 1901 Behring shi kaɗai ya karɓi kyautar Nobel ta farko a likitanci kan maganin mashaƙo.

Ra'ayin rassan gefe da makarɓi

A 1896 gwamnatin Purushiya, bisa ƙoƙarin jami'inta Friedrich Althoff, ta kafa wa Ehrlich cibiyar gwajin magungunan ruwan jini a Steglitz kusa da Berlin. A 1899 aka mai da cibiyar birnin Frankfurt.

Tambayar da ta dame shi ita ce yadda jiki ke samar da makarin da ya dace da kowane dafi. A rubutunsa na 1897, da kuma laccar da ya gabatar a gaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan a 1900, ya ba da amsa kamar haka. Kowace ƙwayar halitta tana da rassa a bayanta waɗanda take kama abinci da su. Dafi yana cutarwa ne idan siffarsa ta dace da ɗaya daga cikin rassan, kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗo, misalin da ya aro daga masanin sinadarai Emil Fischer. Idan dafi ya toshe reshe, ƙwayar takan ƙera wasu a madadinsa har su yi yawa, sai rarar ta zube cikin jini. Waɗannan rassa da suka zube su ne makari, wato antibodi, domin sukan tare dafin tun kafin ya isa ga ƙwaya. Daga 1900, a ayyukansa tare da Julius Morgenroth, ya fara kiran rassan da sunan makarɓai.

Muhimmin abu a wannan ra'ayi shi ne makarɓin yana nan tun kafin baƙon abu ya shigo. Baƙon yana zaɓar wanda ya dace da shi ne kawai, ya sa a yawaita shi. Ehrlich da Morgenroth sun kuma yi nazarin wani sinadarin jini da ke taimakon antibodi wajen fasa ƙwayoyi, wanda Ehrlich ya ba sunan kwamfilment. Sun lura cewa akuya takan yi antibodi a kan jinin wata akuya amma ba ta yi a kan nata ba, abin da ya sa Ehrlich ya ce dole akwai hanyar da jiki ke hana garkuwarsa juyowa kansa.

Ra'ayin ya sha suka. Jules Bordet, Max von Gruber da Svante Arrhenius sun ga cewa Ehrlich yana zana abubuwan da babu wanda ya taɓa gani. Bayan rasuwarsa, Karl Landsteiner ya nuna cewa jiki na iya yin antibodi har a kan sinadaran da ɗan'adam ya ƙirƙira, waɗanda babu su a halitta. Masana da yawa suka ga ba zai yiwu jiki ya tanadi makarɓi ga kowane irin abu ba, sai suka yi watsi da ra'ayin kusan shekara talatin.

Neman maganin da ke bin cuta kaɗai

Tunanin da ya yi game da rini da dafi shi ya kai shi ga magani. Idan akwai sinadarin da zai kama ƙwayar cuta ya ƙyale jikin marar lafiya, to zai zama kamar harsashin da ke neman abin hari da kansa. Wannan ne abin da ake kira harsashin sihiri. Tun 1891 shi da Paul Guttmann suka ba masu zazzaɓin cizon sauro biyu shuɗin rinin metilin a wani asibitin Berlin, bayan sun ga yana rina ƙwayar cutar, kuma zazzaɓin ya sauka.

A Frankfurt ya mai da hankali kan ƙwayoyin tirifanosoma, masu haddasa ciwon barci ga mutane da sammore ga dabbobi, waɗanda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka. A 1904 shi da Kiyoshi Shiga suka samar da jan rinin tirifan, wanda ya warkar da ɓerayen da aka sa wa cutar. A 1906 aka buɗe cibiyar Georg-Speyer-Haus kusa da cibiyarsa, da kuɗin da Franziska Speyer ta bayar domin tunawa da mijinta. Wannan ya ba shi masu haɗa sinadarai da kayan aiki na gwada ɗaruruwan magunguna ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin ana amfani da wani maganin arsenik mai suna Atoxyl a kan ciwon barci, amma yana makantar da wasu marasa lafiya. A 1907 Ehrlich da Alfred Bertheim sun gano ainihin tsarin sinadarin, abin da ya ba da damar sassauya shi. A wannan aiki aka lura cewa tirifanosoma sukan saba da magani har ya daina kashe su, kuma 'ya'yansu sukan gaji wannan juriya. Wannan yana cikin bayanai na farko game da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani.

Ehrlich bai je yankunan ciwon barci ba, amma ya aika wa likitocin mulkin mallaka magungunan arsenik, aka gwada su a kan 'yan Afirka a sansanonin killace marasa lafiya a Togo da Gabashin Afirka ƙarƙashin Jamus. Wasu daga cikin waɗanda aka gwada a kansu sun mutu saboda gubar maganin. Masana tarihin likitanci suna sukar waɗannan gwaje-gwaje saboda an yi su cikin tilas, a kan mutanen da ba su da ikon ƙi.

Salvarsan

A 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann sun gano ƙwayar cutar tunjere. Kafin lokacin, sinadarin zaiba ake ba masu cutar, wanda ke zubar da haƙora kuma ba ya warkarwa yadda ya kamata. A 1909 Sahachiro Hata ya zo daga Japan da ƙwarewar sa wa zomaye cutar. Ehrlich ya sa shi ya sake gwada magungunan arsenik da aka riga aka haɗa. Na lamba 606, wanda Bertheim ya haɗa tun 1907, ya warkar da zomayen.

Ehrlich ya raba wa likitoci kimanin kwalabe 65,000 kyauta domin su gwada su aiko masa da sakamako. An sanar da maganin a taron likitoci a Wiesbaden a watan Afrilun 1910, kuma a ƙarshen shekarar Hoechst ya fara sayar da shi da sunan Salvarsan. Maganin yana da wuyar sarrafawa: iska na ɓata shi, sai an narkar da shi da kulawa kafin allura, kuma kuskure kan jawo illa ko mutuwa. A 1912 aka fitar da Neosalvarsan, lamba 914, wanda ya fi sauƙin narkewa. Waɗannan magunguna su ne aka dogara da su har zuwa zuwan fenisilin a shekarun 1940.

Nasarar ta jawo masa maƙiya. Wasu sun zarge shi da neman kuɗi da sakaci da rayuka, wasu sun ce warkar da tunjere zai ƙarfafa fasiƙanci, kuma ƙiyayya ga Yahudawa ta shiga cikin sukar. A 1914 ya ba da shaida a wata shari'ar ɓata suna a Frankfurt, inda kotu ta ɗaure wani mawallafin jarida da ya yi zargin ana tilasta wa mata shan maganin a asibiti.

Iyali da rasuwa

A 1883 Ehrlich ya auri Hedwig Pinkus, 'yar wani mai masaƙa a Neustadt ta Silesiya. Sun haifi 'ya'ya mata biyu, Stephanie da Marianne. An san shi da yawan shan taba, da ƙarancin cin abinci, da rubuta wa mataimakansa umarnin kowace rana a kan ƙananan katuna masu launi. Sakatariyarsa Martha Marquardt ta rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa.

A 1914 aka naɗa shi cikakken farfesa a sabuwar jami'ar Frankfurt. A wannan shekara yana cikin masana Jamus 93 da suka sa hannu a takardar goyon bayan ƙasarsu a Yaƙin Duniya na Farko. Lafiyarsa ta fara taɓarɓarewa a ƙarshen shekarar. Ya rasu a Bad Homburg yana da shekara 61, aka binne shi a tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta Frankfurt. A zamanin mulkin Nazi an cire sunansa daga titin da cibiyarsa take, kuma matarsa ta yi gudun hijira zuwa Suwizalan, daga nan zuwa Amurka, inda ta rasu a 1948.

Daga makarɓi zuwa kinas

A 1955 Niels Jerne ya farfaɗo da ra'ayin cewa jiki yana da antibodi iri-iri tun kafin cuta ta zo. A 1957 David Talmage da Frank Macfarlane Burnet suka nuna cewa zaɓin yana faruwa ne a kan ƙwayoyi: kowace ƙwayar limfosait tana ɗauke da makarɓi iri ɗaya tak, kuma wadda baƙon abu ya dace da ita ce ke hayayyafa. Bincike ya tabbatar da cewa makarɓin ƙwayar B antibodi ne da ke kafe a bayanta, kuma irinsa take zubarwa cikin jini idan ta balaga. Wannan ya yi kusa da abin da Ehrlich ya zana. Kuskurensa shi ne zaton cewa kowace ƙwayar jiki na iya yin haka, kuma ƙwaya ɗaya tana ɗauke da rassa iri-iri.

Abin da ra'ayinsa bai amsa ba shi ne yadda cikin ƙwaya ke sanin cewa wani abu ya maƙale a waje. Amsar ta fito daga wani fanni. A tsakiyar shekarun 1950 Edmond Fischer da Edwin Krebs, suna nazarin yadda tsoka ke sakin sukari, sun gano cewa ana kunna furotin ko a kashe shi ta hanyar liƙa masa guntun fosfet. Furotin da ke liƙawa shi ne kinas, wanda ke ɗauko fosfet ɗin daga sinadarin ATP. Wanda ke cirewa kuma fosfatas. Sun sami kyautar Nobel a 1992. A 1979 Tony Hunter ya gano kinas masu liƙa fosfet a kan tairosin, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Ɗan'adam yana da kinas sama da 500.

Makarɓan ƙwayoyin B da T ba su da kinas a jikinsu, aro suke yi. A 1988 aka gano cewa kinas mai suna Lck yana haɗe da furotin CD4 da CD8 na ƙwayoyin T. A 1989 Michael Reth ya lura da wani gajeren tsari mai tairosin biyu da ke maimaituwa a wutsiyar waɗannan makarɓai ta ciki, wanda ake kira ITAM. Idan makarɓin ƙwayar T ya kama abin da ya dace da shi, Lck yakan liƙa fosfet a kan ITAM. Wannan ya zama masauki ga kinas na biyu, ZAP-70, wanda aka bayyana a 1992 a ɗakin binciken Arthur Weiss. Daga nan saƙon yakan rabu: sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwaya, wasu jerin kinas su kunna juna, har saƙon ya isa cibiyar ƙwayar ya buɗe ƙwayoyin gadon da ke sa ta hayayyafa ta kuma fitar da sinadaran kiran sauran ƙwayoyi. Waɗannan sinadarai su ma ta hanyar wasu kinas, dangin JAK, suke isar da nasu saƙo.

A ƙwayar B, kinas Lyn, Syk da BTK ne ke wannan aiki. Yaran da aka haifa da lalataccen BTK, kusan dukkansu maza, ba sa samun balagaggun ƙwayoyin B kuma kusan ba su da antibodi. Ogden Bruton ya bayyana wannan cuta a 1952, aka gano sanadinta a 1993. Rashin ZAP-70 ko JAK3 kuma yakan jawo mummunan raunin garkuwa tun jariri yana ƙarami.

Ƙwayoyin mast da Ehrlich ya gano yana ɗalibi suna bin irin wannan hanya. A 1953 James Riley da Geoffrey West sun nuna cewa tsabar da ke cikinsu tana ɗauke da histamin. Ƙwayar tana riƙe da antibodi nau'in IgE a bayanta. Idan ƙurar fure ko dafin zuma ya haɗa biyu daga cikinsu, Lyn da Syk sukan tashi, kuma cikin mintuna ƙwayar ta zazzage tsabarta. Wannan ne ke kawo borin jini, atishawa da wasu nau'o'in asma.

Akwai kuma birki a cikin tsarin. Kinas Csk yana liƙa wa Lck fosfet a wurin da ke kashe shi, fosfatas CD45 kuma yana cirewa. Idan wannan daidaito ya lalace, garkuwa na iya juyowa kan jiki, abin da Ehrlich ya yi hasashen cewa akwai hanyar hana shi.

Fahimtar waɗannan hanyoyi ta haifar da magungunan da ke toshe kinas guda. A Amurka an amince da imatinib a 2001 domin wani nau'in sankarar jini, tofacitinib mai toshe JAK a 2012 domin amosanin gaɓɓai, ibrutinib mai toshe BTK a 2013 domin sankarar ƙwayoyin B, da fostamatinib mai toshe Syk a 2018. Sau da yawa ana danganta irin waɗannan magunguna da harsashin sihiri na Ehrlich, kodayake su ma suna da illa, musamman rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da cututtuka.

Karramawa

Kyautar Nobel ta 1908 ta haɗa ɓangarori biyu da suka daɗe suna jayayya: Metchnikoff, mai ganin cewa ƙwayoyin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta su ne tushen garkuwa, da Ehrlich, mai ba da ƙarfi ga sinadaran da ke cikin ruwan jini. Ilimin yau ya nuna cewa ɓangarorin biyu tare suke aiki.

A 1910 aka zaɓe shi mamba na ƙasar waje a Royal Society, a 1912 kuma birnin Frankfurt ya ba shi matsayin ɗan gari na girmamawa. A 1940 aka yi fim kan rayuwarsa a Amurka, inda Edward G. Robinson ya fito a matsayinsa. Hotonsa yana kan takardar kuɗin Jamus ta mak 200 kafin zuwan yuro. Hukumar Jamus mai kula da alluran rigakafi da magungunan jini, wadda ke garin Langen, tana ɗauke da sunansa kuma daga cibiyarsa ta samo asali. Kowace shekara a ranar haihuwarsa, 14 ga watan Maris, ana ba da kyautar Paul Ehrlich da Ludwig Darmstaedter a majami'ar Paulskirche da ke Frankfurt ga masu bincike a fannonin da ya yi aiki a cikinsu.